Shekarar da Aka Yi wa Binta Aikin Afendis

Ranar sunan ɗan ɗan'uwanku Habibu ina kwance a ɗakin baya, kuna zaton barci nake, na ji ku kuna tono tsohon zance. Ɗaya ta ce wai Inna ce ta kusa kashe Yaya Binta da maganin gargajiya. Ɗaya ta ce a'a, Umma ce ta ture tsohuwa ta ƙwace 'yarta, ta fita cikin gari ko mayafi babu. Na gane muryoyinku sarai, suna ne kawai ba zan kama ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ran nan, don a shekarar da abin ya faru babu wanda ya yi wayo a cikinku, wasunku ma ba a haife su ba. Inna ba ta taɓa ba yarinyar nan ko saiwa ɗaya ba, ni kuma da mayafina na fita. Tunda na ga zancen yana neman ya zama gado a gidan nan, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina ɗaukar alhakin matar da ke kwance a kabarinta.

Yayarku Binta ita ce 'yata ta fari. Kun ga na rubuta sunan, amma a baki har yau sai na yi da gaske yake fita. Ran da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarku Inna, mahaifiyar babanku, kuma daga nan ba ta dawo ɗakina ba. Haka ake yi a ƙauyenmu na gefen Garo, haka na taras ana yi a gidanmu na Sabon Birni. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana gidan. In Binta ta faɗi a tsakar gida ta fasa gwiwa, sai in kau da kai in ci gaba da dakana, gabana yana faɗuwa, har Inna ta fito ta ɗauke ta. Mahaifiyata ma da ta zo ganin jego sai da ta ja mini kunne.

"Ko wuta kika ga ta kama zaninta, ki kira wani ya kashe. Kada ki ba ni kunya a gidan mutane."

Ku yanzu kuna rungume 'ya'yan fari a gaban surukai kuna ɗaukar hoto da waya. Ban ce kun yi laifi ba. Ina dai so ku san mu ba haka muka tashi ba, kuma ba don ba ma son 'ya'yanmu ba ne.

Inna kuwa mace ce mai tsafta, mai faɗa, mai son yarinyar nan kamar ranta. Kwano ɗaya suke ci, gado ɗaya suke kwana, "ƙawata" take ce mata. Kuma duk ƙauyen an san ta da gyaran rauni. Tana da wani gwangwani da take ajiye kafso mai ja da rawaya, irin na kemis. In lauje ya yanki mutum, ko ƙurji ya fashe wa yaro, ko an yi kaciya ta ƙi bushewa, wurin Inna ake zuwa. Ta wanke da ruwan gishiri, ta ɓare kafson, ta barbaɗa garin a kai, ta ɗaure da tsumma mai tsafta. Da yawa sun warke a hannunta, na gani da idona. Ku riƙe wannan, don in ba ku san shi ba ba za ku yi mata adalci ba.

Binta tana wajen shekara goma sha biyar lokacin. Zafi ya fara shigowa, ana tsakiyar ɗibar tumatir a bakin dam. Ciwon ya fara mata a cibiya, ya gangara ƙasa gefen dama. Ta daina cin abinci, tana amai, tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa. Inna ta ɗauka ciwon mara ne irin na 'yan mata, tana gasa mata da ruwan ɗumi tana lallashi. Ni ina kallo daga bakin murhu, ba damar magana. Sai da zazzaɓi ya rufe ta babanku ya ɗauke su zuwa Kabo wurin wani mai kemis. Mutumin nan, Allah ya saka masa, ko ƙwaya ɗaya bai sayar musu ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, su wuce asibitin Gwarzo yanzu yanzu. Ni an tafi da ni ne a matsayin mai riƙe kwanuka da buta.

Likitan da ya duba ta saurayi ne siriri, mai magana a hankali. Ya danna cikin, ya saki, ta yi ƙara. Ya ce afendis ne, wani ɗan hanji ne ya kumbura, kuma ga alama ya riga ya fashe. Ina tsaye a bakin ƙofa, babu wanda ya kula da ni, shi ya sa na ji komai da kyau.

"Baba, aikin da za mu yi rabi ne," ya ce wa babanku. "Za mu cire abin, mu wanke cikin. Amma ƙazantar da ta zube ta bar ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, su kuwa magani ne ke kashe su. Tun kafin mu sa wuƙa za mu fara ba ta shi ta jijiya. Bayan mun ɗinke kuma a ci gaba, ba a tsayawa sai ya ƙare."

Haka aka yi. Aka ɗaura mata ruwa, aka zuba allurar a ciki, aka shiga da ita. Allah ya ba da sa'a. Bayan 'yan kwanaki ta fara shan kunu, tana takawa a hankali tana dafa Inna. Da aka zo sallama aka ba da magani kala biyu, kafso da wata 'yar farar ƙwaya. Nas ta zaunar da Inna ta ce a haɗiya kullum a kan lokaci har ya ƙare, ko da ta ce ta warke, kada a taɓa bandejin, a dawo ranar cire ɗinki. Inna ta ji. Ni shaida ce ta ji, har maimaitawa ta yi.

Muna dawowa gida babanku ya bi motar tumatir zuwa Kudu. Kada ku ga laifinsa. Tumatir ba ya jiran kowa, an riga an ɗebe, kuma ya bar yarinya tana dariya a hannun uwarsa. Ko yana gida ma ba zai buɗe cikin budurwar 'yarsa ya duba ba. A lokacin babu waya a ƙauyenmu, in mutum ya tafi sai dai ran da ka gan shi.

Kwanakin farko ina jin su ta katanga. Duk lokacin da Binta ta sha maganin sai zuciyarta ta tashi, musamman farar ƙwayar nan mai ɗan karen ɗaci. Tana kakarin amai tana dafe ɗinkin tana kuka.

"Inna, don Allah ki bar ni haka. Cikina zai tsage."

Sai kuma na daina jin aman. Na ce alhamdu lillahi, jiki ya karɓi magani. Ta ɗan fito tsakar gida ta sha iska, har ta ci ɗanwake. Daga nan ta daina fitowa. In na kai abinci na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ya mai jiki?" sai ta ce da sauƙi, hutawa take. Amma kwanon yana dawowa yadda na kai shi. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ba ni da bakin tambaya.

Wata safiya ina shara a bayan ɗakin Inna, tsintsiya ta janyo mini ɓawon kafso, rabi-rabi, an ɓare an zazzage. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kusa da su ga ɗan dutsen da take niƙa kwalli da shi, ya yi fari fat da garin ƙwaya. Na ajiye tsintsiyar. Na je na duba zanin Binta da aka fitar don wanki, na ga tabo rawaya a daidai mara, da wani wari da ban taɓa ji a jikin mai rai ba. Na wanke hannuna na je na durƙusa a ƙofar Inna.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Inna, na ga ɓawon magani a bayan ɗaki."

Ta fito ta tsaya a kaina.

"Kin gani. Ni na zubar."

"An ce fa ta haɗiya, Inna."

"An ce. Ke kike tare mata aman? Cikin da aka yanka aka ɗinke, a yi ta ɗura masa abu mai ɗaci tana kakari, in ɗinkin ya ɓalle fa? Ciwo ga shi a fili ina ganinsa, na kai masa maganin har bakinsa, ko ƙwaya ɗaya ban yar ba. Mutum nawa na warkar a garin nan da hannun nan?"

Wallahi da ban ji bayanin likita da kunnena ba, da na yarda da ita. Maganarta ta masu hankali ce, kuma tausayi ne ya kai ta. Ina nan durƙushe sai na ji haƙoran Binta suna haɗuwa kaf-kaf-kaf daga cikin ɗaki, ga rana ta take, kowa yana gumi. Ban san lokacin da na ɗaga asabari na shiga ba. Tana lulluɓe da bargo, leɓenta ya bushe ya tsage, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na sa hannu a goshinta, rabon da in taɓa goshin nan tun tana goye. Zafi kamar murfin tukunya. Na yaye zanin. An cire bandejin asibiti an sa farin ƙyalle wankakke. Ƙarƙashinsa wurin ya yi ja ya kumbura yana sheƙi, mugunya tana tsattsafowa tsakanin ɗinkin, garin magani ya daskare a kai. Na ɗan taɓa cikin, na ji shi tauri.

"Inna, a mayar da ita Gwarzo."

"Mugun ruwa ne yake fita, alamar warkewa ce. A jira ubanta."

"Ba za ta kai ba."

"Da izinin wa za ki fita? Ke ko kunya ba kya ji, ki shigo ki buɗe ta a gabana?"

Kun san ni da zuciya, ba yau na fara ba. Maganganu da yawa sun zo mini baki, na haɗiye su. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ban rage ba:

"Inna, ki yafe mini. Ni na haife ta."

Wannan shi ne zagin da aka yi shekaru ana cewa na yi wa surukata. Na je na ɗauko mayafina, na ɗauko zanin goyon autana na lokacin, na ɗaga Binta na ɗora a bayana. Ba amalanke a gidan, maza duk suna bakin dam. Inna ta tsaya a ƙofa. Na ce, "Inna, ba ni hanya." Ta dube ni, ta dubi ƙafafun yarinyar suna reto har ƙasan gwiwata, ta matsa gefe da kanta ta zauna a kan turmi. Ko zaninta ban taɓa ba.

Daga gidanmu zuwa bakin titi akwai 'yar tafiya. Duk takun da na yi sai Binta ta yi nishi, don ciwon yana gogar bayana, ina jin ɗumin mugunyar yana ratsa rigata. Mata suka leƙo ta kan danga. Wata ta ce, "Lallai, yau ga mai goyon budurwa!" Wata ta ce, "'Yar fari ce fa!" Ban waiga ba. Ashe Inna tana biye da ni daga nesa, riƙe da buta da tabarma, tana share hawaye. Abin da mutane suka gani ke nan suka ƙulla labarinsu. Motar kasuwa ta tsaya mana, direban ya sa aka matsa aka kwantar da ita a kan cinyata. Inna ta iso tana haki ta shiga baya. Haka muka kai Gwarzo.

Likitan nan dai muka samu. Ya ɗaga ƙyallen, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ta shanye maganinta?" Na sunkuyar da kai. Ni ba zan tona surukata a gaban baƙo ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan ran 'yata ba. Inna ce ta fitar da ni.

"Ni ce, ɗan nan. Ban ba ta ba. A kan ciwon na riƙa zubawa."

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ja kujera ya ba ta.

"Inna, wanda kike gani a waje ƙaramin ne. Babban yana can ciki, inda gari ba ya kaiwa. Sai an haɗiya ya bi jini ya same shi. Da kin dawo kin ce tana amai, da mun canza mata wani."

Ya ce mugunya ta taru a cikin cikin, dole a sake buɗewa a kwashe, a sa roba ta riƙa fitar da saura, a koma allura mai ƙarfi ta jijiya. Ya ce ba zai yi mana alƙawari ba, mu yi addu'a. Inna ta tashi ta fita ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin wata darbejiya da ke fuskantar ɗakin mata. Aka shiga da Binta, aka fito da ita, Inna ba ta tako cikin ɗakin ba. Nan take salla, nan take wuni da carbi, in na kai mata abinci ta ce ta ƙoshi. Matar da kuke cewa ta kusa kashe yayarku ke nan. Ni da na gan ta a gindin bishiyar nan tana ramewa a idona, ban iya riƙe ta da komai ba, ku ma ban yarda ku riƙe ta ba.

Sai jinya ta dawo hannuna, na tarar ban san 'yata ba. Ban san ta wane gefe take kwanciya ba, ban san ba ta son a taɓa mata ƙafa ba, sai da ta janye. Ina zaune ina kallon ruwan yana ɗiga, ina kallon robar tana fitar da abin da ba ya faɗuwa, ina goge mata gumi. Duk lokacin da nas ta zo da allura sai in miƙe tsaye in ga ta shige duka. In zazzaɓin ya hau, Binta ta yi ta sambatu, kuma suna ɗaya take kira.

"Inna. Inna, riƙe ni."

Ni ke riƙe da ita. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kuka a bayan ɗakin wanka inda ba mai ganina, na wanke fuska na dawo.

Ana cikin haka babanku ya dawo. A gida aka tare shi da labari, kowa da nasa. Ya iso asibiti ko wanka bai yi ba, ya same ni a baranda.

"Wa ya ba ki izinin fita?"

"Shiga ka gan ta, sannan ka tambaye ni."

Ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito bai dube ni ba, ya wuce gindin darbejiya ya durƙusa gaban uwarsa. Bai sake yi mini tambayar ba har ya koma ga Allah, amma bai taɓa tsayawa a gaban 'yan'uwansa ya ce na yi daidai ba, don faɗin haka kamar cewa ne uwarsa ta yi kuskure. Na gane, amma na ji zafinsa. Gwaggwanninku suka sa ni gaba. Mahaifiyata ta aiko daga Sabon Birni wai na zubar mata da mutunci, sallar shekarar da abin ya faru ba ta karɓi gaisuwata ba. Shekaru ana kwaikwayon tafiyata da goyo a gidajen biki ana dariya. Har yau akwai gidajen da ba na shiga a Garo.

A hankali zazzaɓin ya fara sauka. Abin da ke fita ta robar ya ragu, ya washe, aka cire ta. Wata rana da hantsi likita ya zo zagaye, ya danna cikin, Binta ba ta yi ƙara ba. Ya yi murmushi ya ce a cire ruwan, daga yau za ta koma sha da baki. Bayan ya wuce ta juyo ta dube ni da idonta garau, karon farko tun da muka zo.

"Ina Inna?"

Na fita na same ta. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba.

"Inna, ta farfaɗo. Tana kiranki."

"Da wane ido zan kalle ta?"

"Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai kin zo."

Ba ta ce haka ba, ni na ƙara. Inna ta dafa bishiya ta miƙe, na riƙe mata takalmi a bakin ƙofa. Tana shiga Binta ta miƙa mata hannu biyu.

"Ƙawata," Inna ta ce. "Ƙawata, ki yafe mini."

"Me kika yi mini, Inna? Ina kika shiga kika bar ni?"

Na koma bakin ƙofa, wurina na da, na tsaya. Sai ga nas ta shigo da kafso a ɗan murfi da kofin ruwa. Ta ga babba a bakin gado, ta miƙa wa Inna. Inna ta dubi kafson, ta mayar da hannayenta biyu ƙarƙashin mayafi.

"Ki ba uwarta," ta ce. "Ga ta can a ƙofa."

Nas ta waiga tana neman wadda ake nufi, don duk zaman nan ta ɗauka ni 'yar jinya ce daga cikin dangi. Na matso. Na karɓi kafson, na tallabo kan Binta, na kai shi bakinta. Ba ta buɗe ba. Ta juya ido ta dubi Inna.

Sai da Inna ta gyaɗa mata kai, sannan ta buɗe baki ta karɓa daga hannuna.